Kwamfutar wasa a zafin Saudiyya: ta kamfani, haɗin shago, haɗin kanka ko ta hannu?

Idan mutum ya tara riyal dubu biyar ko shida ya shiga kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad, ko shagunan titin Khalid bin Walid a Jidda, tambayarsa ta farko ba ta wuce ɗaya: wane katin hoto ne a ciki, wato na'urar da ke zana hotunan wasa? Mai shago ya san da haka, shi ya sa sunan kati da na firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kawai ake rubutawa da manyan baƙaƙe a takardar farashi. Sauran kayan kuwa, akwati da fankoki da na'urar rarraba wuta da babban allon da komai ke zaune a kansa, sai ka tambaya, wani lokaci ma sai ka matsa. Alhali su ne ke nuna ko kwamfutar za ta ga bazara ta biyar lafiya, ko za ta fara mutuwa a tsakiyar wasa tun a ta biyu.

Hanyoyin saye huɗu ne: ta kamfani da ke zuwa a haɗe cikin kwalinta, wadda shago zai haɗa maka, wadda za ka sayi kayanta ka haɗa da kanka, da kuma ta hannu. A kasuwa za ka ji ana kiran haɗin shago tajmi'a, katin hoto kart shasha, firosesa mu'alij, na'urar wuta bawar, garanti kuma daman. Riƙe waɗannan kalmomi, da su za a yi ciniki da kai. A nan za mu kira na'urar wutar fawa, babban allon kuma madabod.

Abin da za a auna kowacce da shi

Na farko iska ce, kuma a ƙasar nan ita ce gaba da komai. Kwamfutar wasa mai matsakaicin ƙarfi tana cin wat 300 zuwa 400 idan wasa ya yi nisa, kuma kusan duk wannan wuta zafi take komawa cikin akwati. Katin RTX 5060 yana cin wat 145, RTX 5070 wat 250, RTX 5080 wat 360, RTX 5090 kuwa wat 575 shi kaɗai. Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube galibi a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 23 ake yin su. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya kayan ciki ke ƙaruwa. Wato firosesar da ta tsaya a 80 a can za ta doshi 90 a ɗakin Makka da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya gaza, ɗakin ya kai 32. Iyakar mafi yawan firosesoshin Ryzen 7000 na AMD digiri 95 ne, ta 7800X3D 89, ta yawancin Intel kuma 100. Da ta kai iyaka ba ta ƙonewa, rage gudu take yi da kanta, sai ka ga hoto yana tsinkewa a daidai lokacin da wasa ya yi zafi.

Don haka fuskar akwati za a fara dubawa. Akwai mai raga, akwai mai gilashi ko roba a toshe da 'yan ramuka a gefe. Na biyun ya fi kyau a ido, musamman idan fitilu suna juyawa a bayan gilashin, amma fankokinsa shaƙewa suke yi. Gwajin ba ya buƙatar komai sai takardar goge hannu ɗaya. A kunna kwamfutar, ka kawo takardar kusa da fuskar akwatin. Idan raga ce kuma fankokin suna jawo iska yadda ya kamata, za ta manne ta tsaya da kanta. Idan ta zame ta faɗi, ka san fankokin ado ne. Sannan ka danna murfin gefe na ƙarfe da babban yatsa. Akwati mai araha ƙarfensa bai wuce kaurin rabin milimita ba, yana lotsawa yana kuma ƙara kamar gwangwani. Mai kyau yakan kai 0.8 zuwa milimita ɗaya. Ka shafa bakin ƙarfen ta ciki a hankali, wanda aka naɗe bakinsa ba ya yanka hannu, ba kuma zai yanka waya ba.

Ƙura ita ce abokiyar tafiyar zafi, mutanen Riyad da Ƙasim sun fi kowa sani. Maganinta iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita yawa, kuma ta bi ta matata: misali fanka uku masu milimita 120 a gaba suna jawowa, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan aka juya lissafin, masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙar iska ta kowace kafa da ba ta da matata, cikin wata biyu sai ka ga fukafukan katin hoto sun yi furfura. Matatar ta zama mai zarewa ba tare da kwance sukuru ba, domin wadda ke da wahalar cirewa ba wanda ke wanke ta. A Jidda da Dammam kuma akwai laima. Ƙura ta haɗu da laima sai ta zama laka mai mannewa, ga iskar teku mai gishiri tana cin bakin soket idan ana yawan barin taga a buɗe.

Na biyu fawa ce. Ita ce ba a gani, ita ce kuma idan ta lalace takan tafi da wasu. Tambarin 80 Plus da ke jikinta yana nuna yawan wutar da take ɓarnatarwa: a rabin lodi, Bronze tana isar da kashi 85 cikin ɗari, Gold kashi 90, bisa gwajin bolt 115. Idan kayan ciki suna buƙatar wat 400, ta farko za ta ja kusan 470 daga bango ta mayar da 70 zafi, ta biyu ta ja 444 ta mayar da 44. A kuɗin wuta bambancin ba abin magana ba ne, tunda halala 18 (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) ake sayar da yunit ɗaya, wato kilowat na awa guda, a gidaje har zuwa yunit 6,000 a wata. Kwamfutar da ke jan wat 500 awa huɗu kullum ba ta kai riyal 11 a wata ba kafin haraji. Amfanin Gold shi ne ƙarancin zafi, da kuma cewa galibi kayan cikinta sun fi inganci. Amma tambari kaɗai ba ya isa shaida. Ka duba shekarun garanti: kamfanin da ya ba da shekara goma, kamar yadda Corsair ke yi a jerin RMx, ko goma sha biyu kamar Seasonic a jerin Prime, ya yarda da abin da ya ƙera. Wadda aka ba wa shekara biyu kacal ta faɗa maka matsayinta.

Akwai wani abu da ya shafi tsofaffin gidaje. Tun 2010 Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230 a hankali, amma har yanzu a tsofaffin unguwannin Makka da Jidda, inda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ke zaune, akwai gidajen da soket ɗin 127 da na 220 ke bango ɗaya. Ka karanta takardar da ke jikin fawa. Mai rubutun 100 zuwa 240 ba ruwanta da wanne ka jona. Mai rubutun 200 zuwa 240 ba za ta yi aiki daidai a 127 ba. Mai ɗan jan makunni a baya na 115 da 230 kuwa tsohuwar ƙira ce, idan aka bar shi a 115 aka jona a 220, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna.

Na uku, shin kayan na gama-gari ne? Tun 1995 Intel ta fitar da tsarin ATX, wanda ya sa madabod na wannan kamfani ke shiga akwatin wancan. Cikakken ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX 244 da 244, Mini-ITX 170 da 170. Kwamfutar da ta bi wannan tsari kowane shago zai gyara ta. Wadda ba ta bi ba, wakilinta kaɗai ke da kayanta.

Na huɗu sanyaya firosesa. Ta iska dunƙulen ƙarfe ne da fanka, abin da zai lalace a jikinta fanka ce kawai, ita ma da kuɗi kaɗan ake canza ta. Ta ruwa tana da famfo da lagireto mai tsawon milimita 240, 280 ko 360. Tana da kyau ga firosesa mai cin wat 200 zuwa sama, amma famfo yana da ajali, ruwan ma yana raguwa a hankali ta jikin bututu, shi ya sa garantinta ba ya cika wuce shekara biyar ko shida. Ga Ryzen 5 ko Core i5, mai hasumiya biyu ta iska irin Peerless Assassin ta Thermalright ta isa har da saura. A dai auna tsawo: NH-D15 ta Noctua milimita 165 ce, ba kowane akwati ke rufuwa a kanta ba.

Sai garanti da farashi. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, amma ba ya aiki sai da fatura, wato rasit, don haka ka ɗauki hotonta ranar da aka ba ka, tunda rubutun irin takardar nan gogewa yake yi a zafi. Don gane ko an tsuga maka kuɗi, akwai lissafi mai sauƙi. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, harajin kaya kuma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, wato ka ninka farashin dala sau 4.3. RTX 5060 da Nvidia ta sa wa dala 299 ya kama kusan riyal 1,290, RTX 5070 mai dala 549 kusan 2,370, RTX 5090 mai dala 1,999 kusan 8,620. Abin da ya hau kan wannan kuɗin jigila ne, ribar ɗan kasuwa da ƙarancin kaya, nan ne kuma wurin ciniki.

Ta kamfani

Wannan ita ce irin su Legion Tower ta Lenovo, Omen ta HP, Aurora ta Alienware da ROG ta ASUS, waɗanda ake samu a Jarir, eXtra, Amazon da Noon. Daɗinta a fili yake. Ka buɗe kwali, ka jona, Windows na asali yana ciki, garanti ɗaya ne a kan komai, idan ta samu matsala wuri ɗaya za ka kai ta. Manyan kantuna kuma suna karɓar biya kashi-kashi.

Ƙirar waje galibi tana da ƙarfi, don an yi ta ne ta jure jigila daga masana'anta. Ciki ne ake tsimi. A masu araha za ka tarar da sandar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke aiki da ita, ɗaya tak, alhali firosesa tana son biyu don ta buɗe hanyoyinta biyu, kuma a wasannin da ke matsa wa firosesa ana jin bambancin. Za ka tarar da ƙaramar fankar firosesa mai ihu, da fawa da aka yanka daidai wuyan katin da ke ciki, ta yadda ranar da ka so ƙara babban kati sai ka canza ta ita ma.

Nan ne maganar gama-gari ke shigowa, kuma kamfanonin ba ɗaya suke ba. Jerin Aurora an san shi da madabod da fawa masu siffa da mahaɗan kansu, waɗanda ba a maye gurbinsu da na kasuwa. Omen da Legion Tower na 'yan shekarun nan sun fi kusa da tsarin gama-gari. Amma ƙira tana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka kada ka dogara da suna. Ka sa a buɗe maka murfin ta nuni, ka nemi babbar wayar da ta fito daga fawa zuwa madabod: mai ramuka 24 ita ce ta gama-gari. Idan ka ga ƙarama mai shida ko takwas ko goma, ka san bayan garanti ya ƙare gyaranta zai yi wuya.

A farashi, ita ce mafi tsada idan aka kwatanta kaya da kaya, sai dai lokacin rangwame irin na Ranar Ƙasa a 23 ga Satumba ko na watan Nuwamba, inda takan sauko ta yi kafaɗa da haɗin shago.

Haɗin shago

A ganina wannan ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane, kuma ita ce aka fi cutar mutane da ita. Duka biyun gaskiya ne, abin da ya raba su takarda ce guda.

Tajmi'ar da aka riga aka haɗa aka ajiye a gaban shago tana walƙiya, an haɗa ta ne don ta ja ido a farashin da zai burge. Kati da firosesa na gaske ne, don su kowa ke tambaya. Ribar tana fitowa daga fawa marar suna mai rubutun wat 750 da ba ta iya ba da su, madabod mafi arha wanda sassan da ke ba firosesa wuta ba su da ƙarfen sanyaya a kansu, SSD, wato ma'ajiyar wasanni da fayiloli, da ba a san kamfaninsa ba, da akwati mai gilashi a gaba. Wata shida na farko lafiya lau. Da bazara ta shigo sai ta fara kashe kanta idan wasa ya yi nauyi, domin fawar ba ta jure tsallen wutar da kati ke yi na ɗan ƙiftawar ido.

Hanyar da ta dace ita ce ka zo da jerinka, ko ku zauna da mai shago ku rubuta tare, kuma a sa cikakken suna da lambar kowane abu a fatura. Kalmar «bawar 750 Gold» ba suna ba ne, sai an rubuta kamfani da jeri. Ka ce a ba ka kwalayen duka, domin lambobin garanti suna jikinsu, ragowar wayoyin fawa ma a ciki suke. Shagon kirki ba ya jin haushin wannan buƙata.

Kafin ka ɗauka, ka nemi a kunna ta a gabanka na minti ashirin zuwa talatin da wasa mai nauyi ko manhajar gwaji irin FurMark, ana kallon zafi a manhajar HWiNFO. Ka duba sandunan RAM biyu suna rami na biyu da na huɗu daga firosesa, kuma an kunna XMP ko EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, a BIOS, wato shafin saitin madabod, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin gudun 6000 zai zauna a 4800 ko kusa da haka. Ka sa a buɗe murfin baya ka ga wayoyi. Wanda ya ɗaure su tsaf a inda ba a gani, ya kula da sauran aikin ma.

Sai mahaɗin wutar katin Nvidia mai ramuka 16. A Oktoban 2022 aka fara samun rahoton narkewarsa a RTX 4090, binciken Nvidia kuma ya danganta yawanci da rashin tura shi har ƙarshe. An gyara ƙirar zuwa 12V-2x6, amma kulawar tana nan. Ka haska fitilar waya a wurin: kada a ga ko siririyar tazara tsakanin filogi da kati, kuma kada wayar ta lanƙwashe daf da bakinsa saboda gilashin gefe ya danne ta. Idan fawar ATX 3 ce mai wayarta ta kanta, ya fi amfani da adafta mai rassa uku ko huɗu.

Raunin wannan hanya garanti ne a rarrabe. Kati yana da wakilinsa, madabod nasa, fawa nata. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, sai an gano mai laifi tukuna. Ka tambayi mai shago tun farko ko shi zai riƙa karɓa yana kaiwa, kuma a rubuta.

Haɗin kanka

Ba wuya kamar yadda ake tsoro. Sukudireba ɗaya mai kan gicciye, tebur mai faɗi da awa uku zuwa huɗu sun isa ga mai farawa. Ribar kuɗi ba ta da yawa, ladan haɗawa kawai ka tsira da shi. Babbar ribar ita ce kowane abu kai ka zaɓa, kuma ranar da wani abu ya lalace ka san inda yake.

Kurakuran sanannu ne, kusan kullum su ɗin ne dai. Mantawa da ledar da ke manne a ƙasan na'urar sanyaya, sai firosesa ta haura 90 tana zaune ba aikin komai. Jona wayar allon kallo a madabod maimakon a kati. Ɗaura madabod a kan ƙafar sukuru da ba ta dace da rami ba, ta taɓa bayansa ta haɗa wuta. Sayen kati mai tsawon sama da milimita 340 ga akwatin da ba ya ɗaukarsa, ko barin kati mai nauyin kilo biyu yana reto ba madogari. Amfani da wayar wata fawa a jikin wata, alhali tsarin ramukansu ya bambanta ko da filogin ya shiga, wannan kan ƙona SSD nan take. Mafi tsada shi ne lanƙwasa alluran soket ɗin da firosesa ke zama a kan madabod: na AM5, soket ɗin AMD, guda 1,718 ne, sirara kamar gashi, kuma garanti ba ya cika karɓar wannan. Firosesa ajiye ta ake yi a hankali, ba a dannawa.

Gilashin gefe kuma kada ya taɓa tayil. Gidajen nan kusan duka tayil ne, gilashin da aka gasa kuwa da gefensa ya daki tayil ko a hankali ne, sai ya tarwatse ya zama tsakuwa. A ɗora shi a kan katifa ko kwali.

Wajen zaɓen soket, AM5 ya fito a 2022 kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 zuwa sama, wanda ya gabace shi, AM4, tun 2016 ake cin moriyarsa. LGA1700 na Intel ya tsaya a ƙarni na 14. Mai son canza firosesa nan gaba ba tare da canza madabod ba ya san inda zai nufa. Kayan da aka yi odarsu daga waje kuma wakilin cikin gida yana iya ƙin karɓarsu, sai ka lissafa wannan cikin arahar.

Ta hannu

A Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da makamantansa ana samun rangwame na gaske, musamman daga masu barin ƙasa da ke son sayarwa da sauri. Haɗarin ma na gaske ne. Kada a biya kafin a gani tana aiki. Ka je da filasha mai manhajojin GPU-Z don tabbatar da katin shi ne aka faɗa, CrystalDiskInfo don ganin awannin da SSD ya yi da lafiyarsa, da HWiNFO. Idan wuri mafi zafi a kati ya zarce matsakaicin zafinsa da sama da digiri 25, man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Ka sunkuya ka shinshina bayan fawa, warin ƙuna ko na taba ba ya ɓuya.

Abu uku ke buƙatar ƙarin tambaya. Katunan RTX 30 da RX 6000 da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsari a Satumban 2022, fankokinsu sun gaji. Manyan firosesoshin Intel na ƙarni na 13 da 14 sun samu matsalar lalacewa saboda yawan bolt, kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS a 2024 ya kuma ƙara garantin shekara biyu, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, don haka sai da fatura. Sannan Windows 10 ya daina samun tallafi a 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana son Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Fawar da ta haura shekara biyar ko ba ta da suna, a lissafa kuɗin sabuwa a cire daga farashi.

| Ma'auni | Ta kamfani | Haɗin shago | Haɗin kanka | Ta hannu |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Mafi tsada, sai lokacin rangwame | Matsakaici | Ƙasa kaɗan da na shago | Mafi araha |
| Iska da akwati | Ya danganta da ƙira | Kai ka zaɓa, idan ka nace | Kai ka zaɓa | Abin da ka tarar |
| Fawa | Amintacciya, amma daidai wuya | Nan ake tsimi | Kai ka zaɓa | Sau da yawa sai an canza |
| Gyara da ƙari | Wasu sai wurin wakili | Kowane shago | Kowane shago | Ya danganta da asalinta |
| Garanti | Ɗaya a kan komai | A rarrabe | A rarrabe | Sai da fatura |
| Sauƙi | Jona ka fara | Zama ɗaya a shago | Yini guda da karatu | Nema da gwaji |
| Babban haɗari | Kayan da ba a sauyawa | Kaya marasa suna | Kuskuren hannu | Ɓoyayyen lahani |

Wacce ta dace da wa

Uban da zai saya wa yara, ba ya son buɗe akwati kuma ba shi da lokacin zirga-zirga tsakanin wakilai, ta kamfani ce tasa. Ya zaɓi mai raga a gaba da waya mai ramuka 24, ya tabbata sandunan RAM biyu ne, in ɗaya ce ya sa a ƙara masa tun a kanti.

Mai wasa kullum da ke son kuɗinsa su yi aiki, kuma yana zaune a gari mai kasuwar kwamfuta, ya je haɗin shago da jerinsa a hannu. Idan kuɗi sun gaza, gara ya sauko da kati mataki ɗaya da ya taɓa kuɗin fawa ko na akwati, domin kati ana canza shi bayan shekara uku, waɗannan biyun kuwa suna iya raka haɗi biyu ko uku.

Ɗalibi ko matashin da ke sha'awar koyon gyara, haɗin kansa ya fi masa, musamman idan akwai wanda ya taɓa yi da zai zauna kusa da shi ranar ɗora firosesa. Mai ƙaramin kuɗi da ke buga wasanni marasa nauyi irin su EA Sports FC, Valorant ko Fortnite, ta hannu mai AM4 ta ishe shi, da sabuwar fawa.

Wanda ɗakinsa ba ya samun mukayyif a kowane lokaci, ko suna da yawa a ɗaki ɗaya, ya nisanci ƙananan akwatunan Mini-ITX da katunan da suka haura wat 250. Zafin da kwamfuta ta fitar a ɗakin yake zama, a ɗora ta kuma a kan tebur ko katako, ba a kan kafet ba, tunda fawa ta ƙasa take shaƙar iska.

Sai mai niyyar komawa da ita gida, Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Shi kayan gama-gari dole ne a gare shi, don garantin wakilin Saudiyya ba zai bi shi can ba, kuma abin da mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano zai iya canzawa shi ne abin da ya bi tsarin ATX. Ya ɗauki sanyaya ta iska, ba ta ruwa ba, da fawa mai karɓar bolt 100 zuwa 240, wadda ba ta damu da bambancin mitar wutar Saudiyya mai 60 da ta gida mai 50 ba. Ranar tafiya ya cire katin hoto da SSD ya sa su a jakar hannu, ya kwance na'urar sanyaya idan mai nauyi ce don kada ta fizge madabod a hanya, ya naɗe gilashin daban cikin tufafi. Akwatin ma wani lokaci gara a bar shi a sayi wani a can, tunda shi ne mai cin kilo a awon kaya. Ya kuma ware kuɗin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wanda ƙarfinsa ya haura abin da kwamfutar da allonta ke ja, saboda ɗaukewar wuta da canjin janareta.